Masu kati a aljihu ne suka yi jifa

Duk wanda ya ce maka marasa takarda ne ke tayar da rigima a unguwar Mansur, bai taɓa zama a Mansur ba. Ni da idona na gani, a shekarata ta biyu ina karatu a Makka.

Gwaggo, yayar mahaifina, ta zo aikin Hajji tun ban san kaina ba, ta yi zamanta. Waina take toyawa a bakin titi, ba ta da iƙama, wato takardar zama. Abu ɗaya take tsoro a duniya: a mayar da ita Kano, inda ba ta da ko ɗaki.

Wata Alhamis bayan la'asar ina tsugune gabanta ina cin waina, sai ga motar masu kwashe kayan talla. Suka kifar da kaskon wata mai ƙosai, mai ya malale a kwalta, mutane suka yi caa. Gwaggo ko kallon tandarta ba ta yi ba. Ta gyara abaya ta ce, "Yalla, ɗana, halas, shi ke nan, mu tafi." Ta shige lungu a natse kamar mai zuwa barka. Haka duk irinta suka yi, kafin ka ce kwabo sun ɓace.

Waɗanda suka tsaya su ne masu katin shaida a aljihu. Akwai wani direban bas na tashar Kudai, magidanci mai 'ya'ya biyar. Akwai jikokin Hausawa haifaffun nan, cikakkun 'yan ƙasa, Hausarsu ba ta wuce "sannu" ba, amma sun gaji da a tsare su a hanya a ce su nuna takarda don kawai baƙaƙe ne. Ɗayansu yana ta ihu da Larabci cewa a nan aka binne kakansa. Sai kuma ni, ɗalibin fiƙihu. Ban bi Gwaggo ba. Na ɗauki dutse na jefa, ya daki ƙofar motar, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin raina.

Bayan kwana uku aka zo kame gida-gida. Na miƙa katina, aka duba, aka miƙo min. Direban ma haka. Gwaggo, da ba ta ɗaga ko tsinke ba, ita aka sa a mota. Ta leƙo ta taga ta ce a hankali, "Kai dai ba ka cikin masu jifan nan, ko?"

Na ce, "Ba na ciki, Gwaggo."

Ta ce alhamdu lillahi, motar ta tashi.