Ranar da Layin Gidanmu Ya Gyaru

Ni mutum ne da ba na iya ganin abu a lalace in wuce. Ko famfon gidan wani na ga yana ɗiga, sai hannuna ya kama ƙaiƙayi. Inna takan ce tun ina ƙarami nake kwance rediyo, kuma ba kowace nake iya mayarwa ba. Wannan hali ne ya kai ni koyar da kwamfuta a makarantar sakandare, shi ne kuma ya haɗa ni da layin intanet na gidanmu a unguwar Bolori ta Maiduguri, a shekarar da Baba ya kwanta ciwo.

Layin tsoho ne. Baba ya sa aka jawo shi tun kafin wayar hannu ta shigo gari, bayan ya bar bin shanu a daji ya koma saye da sayarwa a kasuwar shanu. Da shi yake jin ko tirelar da ya yi wa lodi ta isa kudu lafiya. Da wayar hannu ta zo, maƙwabta suka bar nasu layukan suka mutu. Ni kuwa na lallaɓi Baba aka ɗora mana intanet a kan namu, irin wanda ake kira DSL, mai biyo wayar tarho ya shigo ta wani ɗan akwati mai fitilu da ake ce wa modem. Ba don ni ya yarda ba, don Adda ne.

Adda ita ce babbar yayarmu, 'yar farin Baba. Ta daɗe tana aikin nas kafin ta samu gurbin karatun likita a Sudan, ta bar miji da 'ya'ya ta tafi. Baba bai taɓa kiran sunanta ba, kamar yadda ake yi wa ɗan fari a wajenmu. In zai yi zancenta sai ya ce waccan ta Sudan. Amma duk Juma'a bayan la'asar, lokacin da take kiranmu ta kwamfuta mu ga juna, sai ya sa farar riga, ya ɗora hula, ya zauna a kujerar da ke can ƙarshen falo, wai iska yake sha. Za ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya bar Inna da surutun.

Tana shekarar ƙarshe hawan jini ya kayar da shi. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ɓarin hagu ya shanye. Hannu ya yi nauyi, baki ya karkace, magana tana fita da ja. Da harshensa ya ɗan saki, abin da ya fara faɗa shi ne kada wanda ya gaya mata sai ta gama jarrabawa. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Ba a aika wa matafiyi da labarin ciwo. Jiki da sauƙi ake ce masa har ya dawo ya gani da idonsa. Kuma duk mun san halin Adda: ranar da ta ji, ranar za ta haɗa kaya, wahalar shekaru ta tashi a banza. Sai aka ce mata zazzaɓi ne ya ɗan taɓa shi, har ma ya warware.

A daidai wannan lokaci ne layin ya ƙara lalacewa. Da ma ba wani sauri ne da shi ba. In na buɗe shafi sai in je in yi alwala in dawo yana nan yana tunani. Amma ranar Juma'a abin ya fi muni. Hoton Adda sai ya daskare, fuskarta ta tarwatse ta koma dabbare-dabbare, murya tana yankewa kamar tashar rediyo mai nisa. Ita ma haka take ganinmu. Ta ce Baba dai farar riga kawai take hangowa da hula a sama. Sai ta sa ni gaba da tsiya, wai malamin kwamfuta guda ya kasa gyara layin gidansu, ko takardar shaidar tawa a kasuwar Zabarmari na saya tare da shinkafa. Inna ta yi ta dariya. Ni kuwa ina dariyar yaƙe.

Wani zai ce yaya aka yi ban tuna da abin da muke ɓoyewa ba. Na tuna, amma ido ya saba. Mu da muke ganin Baba safe da yamma, a wajenmu ya warke. Yana takawa da sanda zuwa masallaci, yana cin abinci da kansa, muna gane duk abin da ya faɗa. Karkacewar bakin ta zama fuskarsa kawai, na daina ganinta. Abin da nake gani shi ne fitilar modem tana ƙiftawa, da kuma tsiyar da Adda take yi mini.

Na fara da abin da kowa yake farawa da shi. Na kashe na kunna, na sake kashewa na sake kunnawa. Na tarar Inna ta lulluɓe modem da ɗan kyalle mai ado, irin wanda take rufe talabijin da shi, ga zafin garinmu da ko ƙarfe sai ya yi gumi. Na yaye, na yi mata dogon bayani a kan zafi da iska. Ta ce to, washegari ta mayar. Na canja igiyar da ke tsakanin kwamfuta da modem. Na share kwamfutar tas, na zubar da tarkacen da ke cinye layi. Na zargi janareta, na jira aka kawo wuta na gwada, duk kanwar ja ce. Na hau tsani na sassare rassan darbejiyar ƙofar gida da ke gogar wayar, har maƙwabcinmu ya fito yana tambaya ko inuwar ce ta yi mini laifi.

Daga nan na ɗauki faɗan na kai ofishin masu layin. Na yi ta zirga-zirga har mai gadi ya fara gaishe ni da wushe tun daga nesa. A ƙarshe suka haɗa ni da wani ma'aikacinsu, ya zo ya hau falwaya, ya kankare mahaɗar da ta yi tsatsa, ya sa na'urarsa ya auna. Ya ce daga wajensu har bangon gidanmu layi lafiya lau yake, in akwai matsala to a cikin gida take. Na ce da ma haka kuke cewa kullum. Muka rabu ba daɗi. Bayan tafiyarsa layin ya ɗan yi dama-dama, na ce to an zo wurin. Juma'a na zuwa ya koma gidan jiya.

Wannan ne ya tsaya mini a rai. Me ya sa Juma'a? Na ce ko jama'a ne suke yawa a kan layi, amma da safen Juma'a lafiya yake. Sai na ƙudura cewa zan bi wayar nan da hannuna tun daga inda ta shigo gida har inda ta ƙare. Juma'ar da ta biyo, da muka dawo masallaci, na fara. Ta shigo ta saman taga, ta gangaro bayan kabad, ta isa wayar tarhon falo. Wannan tana da filtarta, wata 'yar aba kamar kwalin ashana da ke raba murya da intanet don kada su hargitsa juna. Sai na ga wata siririyar waya ta ɓalle daga bayan kabad ɗin, an shafe ta da fenti har ta saje da bango. Na bi ta, ta shige ƙarƙashin dadduma, ta ratsa ƙofa, ta shiga ɗakin Baba.

Na yi sallama na shiga. Yana kishingiɗe. A gefen gadonsa, bayan tulin littattafai da kwalaben magani, ga tsohuwar wayarsa ta zamanin tirela, wadda na ɗauka ta daɗe da mutuwa. Babu filta a jikinta. Kan wayar kuma ba ya mazauninsa, yana ajiye a kan katifa. Na ji wani daɗi ya rufe ni irin na mafarauci. Ko a ajiye take, waya marar filta tana rage wa layi ƙarfi, balle a ɗage. Na ce a raina, Allah sarki, hannun ne ya kasa mayar da ita daidai.

Na miƙa hannu zan gyara, sai ya ce, "Bar ta yadda ka gan ta."

Na ce, "Baba, ai ita ce take kashe mana layi."

Ni kuwa baki ya buɗe. Na yi masa bayanin murya da intanet da yadda suke bin waya ɗaya, kamar ina gaban 'yan aji. Na ruga na ɗauko ragowar filtar da ke cikin kwalin modem, na durƙusa na maƙala. Don in kwantar masa da hankali har na ƙara da cewa daga yau ko ya ɗaga ko ya ajiye, babu abin da zai taɓa hoton. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce in miƙo masa hularsa.

Bayan la'asar Adda ta kira. Ban taɓa ganin hoto ya fito haka a gidanmu ba. Har zanen da ke jikin mayafinta ana gani. Inna ta matsa kusa tana cewa kin rame, ba kya cin abinci ne, Adda tana dariya tana cewa yau dai malam ya fita kunya. Ina tsaye ina hura hanci. Sai na ga idonta ya wuce kan Inna ya tafi ƙarshen falo. Ta gaishe da Baba. Ya amsa yadda ya saba, amma yau babu ƙarar da za ta rufe jan harshen. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

Ta ce, "Baba, ɗaga mini hannayenka biyu."

Baba ya ɗaga na dama. Na hagun ya ɗan motsa a kan cinyarsa ya tsaya. A lokacin ne na ga fuskarsa yadda take, a cikin ɗan hoton da ke kusurwar kwamfutar, kamar ban taɓa ganinta ba. Adda ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ni ta kalla ta tambaya tun yaushe, da wane magani yake sha, da wanda yake duba shi. Na amsa kamar mai laifi a gaban alƙali. Ta ce to, ta kashe.

Na sami Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba. Ita ta gaya mini. Wata rana bayan ya dawo daga asibiti ya ɗaga wayar zai nemi wani dillalinsa, sai ya ji ni daga falo ina masifa cewa layi ya sake ɗaukewa. Ya ajiye, na yi shiru. Ya sake ɗagawa, na sake masifa. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana lura da abin da ke firgita garke, wannan bai yi masa wuyar ganewa ba. Tun daga ranar, duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya ɗage kan wayar ya ajiye a katifa. Yana so ya ji muryarta, yana so ta hango shi zaune, ba ya so ta gan shi. Na ce to me ya hana a gaya mini. Inna ta ce, "Kai ana nuna maka abu a lalace ka bar shi?"

Mun kira ta, mun roƙa. Mijinta ya roƙa. Na ce mata saura kaɗan, ta daure ta zauna jarrabawar, muna kula da shi. Ta ce ta ga irin kular. Makon bai zagayo ba ta sauka a Maiduguri. Gurbin karatun ba ya jiran kowa, kuma ciwon bai ba ta damar komawa ba, domin bayan zuwanta ya sake bugunsa. Ta sha gaya mini cewa ba ta da-na-sani, wai da ta dawo da takarda ta tarar da kabari gara haka. Wataƙila gaskiyarta ne. Ni dai ina da da-na-sani. Baba ya zaɓi abin da yake so ya ba 'yarsa, ya kuma samo hanyar ba ta da hannu ɗaya da ya rage masa, na zo na karɓe. Har yau in na tuna yadda na durƙusa a gefen gadon nan ina murna, sai in ji abinci ya fita raina.

Ranar da ta iso ina ɗakin. Ta durƙusa a bakin gado ta gaishe shi. Bai dube ta ba, bango yake kallo. Can ya tambaya, a hankali don kalmomin su fita daidai, ko an gama jarrabawar.

Ta ce, "An gama, Baba. An matso da ita ne. Na ci."

Ya ce alhamdulillahi. Inna ta sunkuyar da kai, ni na kalli ƙasa. Daga ranar ya samu abin da zai kira ta da shi ba tare da ya kama suna ba. Likita ta zo? Ku kira mini Likita. In abokansa na kasuwa suka zo dubiya sai ya nuna ta da haɓa ya ce su kawo ƙorafinsu, yanzu a gida muke da likita. Ita kuwa ta koma bakin aikinta na nas. Kullum in ta taso sai ta biya gidanta ta tuɓe kayan aikin, sannan ta zo ta duba shi. Haka ta yi ta yi har Allah ya karɓi abinsa, kuma babu ranar da ya tambaye ta ina takardar.