Harsashi Iri Biyu na Gidan Hizam

Yayana Hizam bai taɓa harbin mutum ba, kuma ba ya son a yi wasa da bindiga a gabansa. Manomin gahawa ne a ƙauyenmu na kan duwatsun Raima, dogo, mai ƙarancin dariya. Matarsa Taƙiyya ta haifa masa 'ya'ya biyar, huɗu suka koma tun suna goye, aka bar musu Muƙbil shi kaɗai. Daga nan duk abin da Hizam ya yi a duniya, don kada wani abu ya sami yaron nan ne. Ni Ganiyya, ƙanwarsa, da mijina ya rasu gidansa na dawo, don haka komai a kan idona aka yi.

Mutum ne mai shiri, shirin da har haushi yake ba ni. Garin alkama na shekara guda, gishiri, kananzir, igiya ƙulli uku a rataye, maganin cizon maciji a aljihu ko masallaci za shi. Takalmi ma biyu yake saye iri ɗaya. In na ce, "Yaya, tashin duniya aka sanar da kai ne mu ba a gaya mana ba?" sai ya ce, "Ke dai ci tuwonki, ranar da za ki gode min tana nan tafe."

Maganar harsashi ta samo asali ne a shekarar da aka rufe hanya wata bakwai, ba mota ba kasuwa. Bindigogi shida muka gada a gidan, kowace da irin harsashin da take ci. Ran nan da rana tsaka ɓarayi suka kora awakin ƙauye, maza suka bi su suna harbi sama don su tsorata su saki dabbobin. Harsashin Hizam ya ƙare. Maƙwabcinmu Hamud, mai ɗingishi da ƙafa ɗaya, ya jefo masa nasa cike da hannu, ko ɗaya bai shiga ba. Haka yayana ya tsaya a kan dutse riƙe da bindiga kamar mai riƙe da taɓarya, yana kallon awaki suna ɓacewa.

Da ya dawo ko ruwa bai sha ba. Ya shimfiɗa tabarma, ya jera bindigogin nan shida, ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ce, "Daga yau harsashi iri biyu ne a gidan nan. Na bindigar zamanin nan da ake kira ali, wadda kowa ke ratayawa, da na bindigar korar birai daga dawa. Abin da maƙwabcinka ba zai iya miƙo maka ba in naka ya ƙare, kaya ne kawai kake ɗauka."

Ya musanya uku daga ciki. Bai tsaya a gidansa ba kuwa, sai da ya addabi ƙauyen nan kaf. Duk zaman da maza za su yi da yamma na tauna ƙat, ganyen nan da yake kamar goro a wajenmu, maganar kenan. Hamud kan ce, "Ga Mai Iri Biyu nan, ku ɓoye bindigoginku kada ya yi musu auren dole da tasa." A yi ta dariya. Amma ana dariyar ana bin maganarsa, don gaskiya ya faɗa, ni ma na sani. Cikin shekara biyar, mu da ƙauyen da ke tsallaken kwari duk abu ɗaya muke ratayawa.

Saura Tsohuwa. Ita ce doguwar bindigar kakanmu Sinan, wadda ya zo da ita daga birnin Adan tun ba a haife mu ba. Harsashinta dogo ne kamar ɗan yatsa, kuma an daina ganinsa a kasuwa. Amma murya gare ta, wayyo. Bindigar ali tana yin tas-tas ne kamar ana fasa ƙirare, ita kuwa Tsohuwa in ta yi magana a ƙirjinka za ka ji. Yaro ɗan shekara biyar a tsallake zai ce maka, "Ta gidan Sinan ce." Muƙbil ne ke rataya ta tun da gemunsa ya fara tsirowa, kuma yana ji da ita.

Ranar da uban ya ce ya kawo ta, ina tsakar gida ina tankaɗe.

"Baba, kowa a kwarin nan ya san muryarta," in ji Muƙbil.

"Muryar za ka ci? Harsashinta nawa ya rage?"

"Goma sha ɗaya."

"To in sun ƙare fa? Waƙa za ka rera wa kura?"

"Ai ban taɓa harba fiye da biyu a wata ba, Baba."

"Ranar da za ka buƙaci talatin ba za ta yi maka sallama ba. Kawo ta."

Na sa baki na ce, "Haba Yaya, bar wa yaro abin kakansa mana." Ya ce, "Ke Ganiyya, da bakinki bindiga ne da ba mu buƙaci harsashi ko iri ɗaya ba." Muƙbil ya tuntsire da dariya, ni ma na dara. Sai na juya na ce wa yaron, "Bi maganar ubanka, ɗana, don kai yake yi." Da bakina na faɗa, kuma har in mutu ba zan daina jin kaina ina faɗa ba. Hizam ya shafe Tsohuwa da mai, ya naɗe ta a zane, ya kulle ta a akwati da harsashinta goma sha ɗaya. Ya miƙa wa ɗansa sabuwar ali mai cin talatin.

Shekara biyu aka yi lafiya. Muƙbil ya kai ashirin da biyu, ya kafa amya a can ƙasan kwari inda itatuwan kurna suke, zumarsa har daga nesa ake zuwa nema. Wata Alhamis bayan damina aka yi biki a ƙauyen tsallake. Da hantsi ya rataya bindigarsa ya ce zai sauka ya duba ƙudan zumarsa, daga can ya haura gidan biki ya kwana. A bakin ƙofa ya juyo ya ce min, "Gwaggo, zuma zan kawo miki ko miji?" Na ce, "Ka ci gidanku, ɗan nema." Ya fita yana dariya.

Bayan la'asar muna kan soro mu uku. Ni da Taƙiyya muna juya 'ya'yan gahawa da aka shanya, Hizam ya jingina da bango yana taunar ƙat. Tun azahar ake ta harbi a tsallake, don duk ayarin baƙin da ya iso sai ya saki uku na gaisuwa, masu gida su amsa. To kuma harbi uku a dakata a sake uku, shi ne kiran da mutum ke yi a wajenmu in ya shiga uku a inda ihu ba ya kaiwa. Ranar da ba biki, wanda ya ji ko loma ce a hannunsa ajiyewa yake. Ranar biki kuwa, wa zai bambance?

Cikin hayaniyar sai muka riƙa jin wani yana sakin nasa a hankali. Uku. Shiru mai tsawo. Uku kuma.

Hizam ya yi tsaki ya ce, "Ji 'yan asara. Harsashi ya yi musu yawa. Wancan kuma marowaci ne, ɗai-ɗai yake sakin nasa kamar mai raba dabino."

Taƙiyya ta tsayar da hannunta cikin gahawa. Ta ce, "Baban Muƙbil, wannan kamar daga ƙasa yake fitowa."

Ya ce, "Dutse ne ke mayar da sauti. Duk ali ce, muryarsu ɗaya." Har da ɗan murmushi ya faɗa, don aikinsa ne na shekara biyar yake ji yana amsa kuwwa a kwarin. Muka ci gaba da juya gahawa. Na ƙarshen ya zo rana tana gab da faɗuwa, daga nan marowacin bai sake ba.

Da safe 'yan biki suka fara dawowa. Taƙiyya ta tari Hamud a hanya ta ce, "Ina ka baro min ɗana, ko barci yake har yanzu?" Hamud ya tsaya yana kallonta. Ya ce, "Muƙbil? Ai bai zo ba."

Ban taɓa ganin Hizam yana gudu ba sai ran nan, ba takalmi, da duk takalmansa biyu iri ɗaya. Sun sami Muƙbil a ƙarƙashin kurna, rai ya riga ya yi halinsa. Gefen dutsen da ruwan damina ya cinye ne ya zame da shi, ƙashin cinyarsa ya karye ya huda fata. Ya ɗaure wurin da rawaninsa, ya ja jiki ya jingina da itace, fuskarsa tana kallon sama, wajen soronmu. A kan wani faffaɗan dutse kusa da hannunsa ya jera kwanson harsashi, uku-uku, layi goma. Talatin cif, ko ɗaya bai ƙi tashi ba. Daga soronmu zuwa wurin, saukar rabin sa'a ce.

Babu wanda ya ga laifin Hizam, ko a bayan idonsa. Kowa ya ji harbin nan, kowa ya zauna. Shi kuma bai yi kuka ba, ya dai kwashe kwanson ya zuba a aljihun da yake sa maganin maciji. Ya daina zuwa zaman ƙat. Taƙiyya ba ta taɓa ce masa "na gaya maka" ba, kuma da ta faɗa ina ga da ya fi masa sauƙi.

Bayan kwana arba'in, wata Talata da hantsi, ba biki ba suna, na ji ƙarar makullin akwati. Ya fito da Tsohuwa a hannu. Gabana ya faɗi, na ce, "Yaya, ina za ka da ita?" Ya ce, "Ba abin da kike tsoro ba ne. Hau soro ki zauna inda na zauna ran nan. Ki jingina da bangon." Na so in yi gardama kamar yadda na saba, na kalli idonsa na fasa.

Na hau na zauna. Ina ganinsa yana sauka har ya ɓace cikin kwari. Na daɗe ina jira, ina roƙon Allah abin da ban taɓa roƙo ba, cewa kada in ji komai, ko in ji shi sama-sama yadda zan iya rantsewa ban gane ba.

Sai Tsohuwa ta yi magana. Sau uku, daga ƙasa, daga gindin kurna, ba wani dutse da ya isa ya ɓatar da ita. A ƙirjina na ji. A tsakar gida kwano ya faɗi daga hannun Taƙiyya, ta ƙwalla kira, "Muƙbil!" kafin ta tuna. Ƙofofi suka riƙa buɗewa. Maza suna fitowa da igiya, wasu ba riga, Hamud da gurguwar ƙafarsa yana gaba. A tsallake ma na hango mutane suna gangarowa kamar tururuwa. Babu wanda ya tsaya tambayar daga ina ne.

Da suka hauro da shi, mutum sun fi arba'in a bayansa, suna haki. Ya tsaya a ƙasan soro ya ɗaga kai. Ya ce, "Ganiyya, kin ji?"

Wallahi na shirya ƙaryata tun yana hanya. Na buɗe baki, sai na ga igiyoyin da ke hannun mutanen nan. Shi ma ya juya ya kalle su ɗaya bayan ɗaya, ya jingina Tsohuwa da bango, ya zauna a ƙasa cikin ƙura. Sai a ran nan yayana ya yi kukan ɗansa.