Mujiyar da Ta Shiga Hoton Istifanus

Har gobe ba na manta safiyar Litinin ɗin da Istifanus ya ajiye wayarsa a kan teburina ya ce, "Malam Bobbo, duba mini wannan abu. Kamar wani kaza ya hau bishiya." Ku da kuka kama aiki kwanan nan, a matsayin mataimakin darakta kuka san shi. A lokacin kuwa matakinmu ɗaya, shi yana sashen katako, ni ina sashen namun daji, ƙofofinmu suna kallon juna a ofishinmu na gandun daji na nan Jalingo.

Bari in yi wa sababbinku bayanin aikin. Masu gadin daji sukan turo mana hotunan tsuntsayen da suka gamu da su, ni kuma in faɗi ko wane iri ne. To tsuntsu ba ya tsayawa a ɗauke shi kamar ango. Abin da kake samu shi ne wutsiya, ko ciki daga ƙasa rana ta haske shi, ko rabin fiffike a bayan ganye. Shi ya sa ba a farawa da launi, don rana tana sauya launi. Da girma ake farawa, a gwada shi da reshen da ya sauka a kai, sannan a duba ƙafa, da tsawon wutsiya, da irin wurin da aka same shi. Daga nan sai ka yanke hukunci ɗaya cikin uku: tabbas, ko mai yiwuwa, ko ba a gane ba. In ka rubuta tabbas, kuma ba a taɓa samun tsuntsun a yankin ba, sunan wanda ya ɗauki hoton ne yake hawa kan rahoto. Kai da ka gane shi, sa hannu kawai za ka yi can ƙasa.

Akwai tsuntsu ɗaya da na fi shekara goma sha ina nema: mujiya mai kamun kifi. Babba ce, launinta ja-ja kamar ƙasar tukwane, tana yini a manyan bishiyoyin bakin kogi. Wani tsohon masunci ne ya fara ba ni labarinta ina sabon ma'aikaci, daga baya na gan ta a littattafan aiki. Hutuna na shekara a kanta yake ƙarewa. Na bi bakin koguna da ƙafa da kwalekwale, sauro ya ci ni, zazzaɓi ya kwantar da ni. In na ɗauki kyamara ranar Asabar, mai ɗakina takan ce, "A gaida dangin naka na daji." Ban taɓa ganin ko gashinta ba.

Shi kuwa Istifanus bai san bambancin shirwa da shaho ba, bai kuma damu ya sani ba. Wani dillalin katako ne ya nemi lasisin sare bishiyoyin maɗaci a bakin wani kogi kudu da gari, aka tura shi ya duba. Ya ɗaga waya sama don ya nuna tsawon wata bishiya, ya danna, ya wuce.

Na buɗe hoton na ƙara girmansa. Kan tsuntsun ba ya ciki, reshe ya tare shi. Ciki kawai ake gani daga ƙasa, da guntuwar wutsiya, da ƙafa ɗaya da ta damƙe reshe, komai a karkace saboda yadda ya riƙe wayar.

"Yaya dai?" in ji shi.

Na ce, "Tura mini a kwamfuta. Zan duba."

Na rufe ƙofa na zauna da hoton har azahar. Kusa da tsuntsun akwai 'ya'yan maɗaci, masu kamar girman lemo, da su na gane cewa abin ya doshi girman ungulu. Cikin ja-ja ne da ɗigo-ɗigon baƙi. Wutsiya gajera, ba irin ta gaggafa ba. Amma ƙafar ce ta gama magana. Sauran manyan mujiyoyinmu gashi yakan rufe musu ƙafa har yatsu kamar sun sa safa. Wannan ƙafarta tsirara ce, don ruwa take tsoma ta. Ita ce. Ba ni da ko ɗigon shakka.

Ba zan ɓoye muku ba, ban yi murna ba. Ina jiyo Istifanus daga ofishinsa yana dariya a waya, yana cinikin doya da wani ɗan'uwansa, mutumin da ya kira ta kaza. Na dubi kyamarata a kan kabad, wadda na daɗe ina tanadi kafin in mallaka, na dubi wannan karkataccen hoton waya. Sai wani tunani ya zo mini. In na rubuta mai yiwuwa, babu wanda zai tuhume ni, hoto ba kai ba ido. Ranar Asabar sai in je wurin da kaina, in ɗauko ta da kyau, sunana ya hau.

Matsalar ita ce fayil ɗin lasisin yana teburin Darakta, a makon za a sa hannu. A ƙa'idarmu mai yiwuwa ba ya tsayar da lasisi, tabbas ne kaɗai yake tsayarwa. Kuma na san masu injin sare itace, ba sa jiran tawada ta bushe. Kafin Asabar ɗin tawa bishiyar tana kan tirela.

Na je na yi salla, na dawo, na rubuta tabbas. Na rubuta sunan Istifanus a sama da hannuna.

Darakta ya sa tabarau ya daɗe yana juya hoton. "Bobbo, ka tabbata? Ni ban ga ko kai ba."

"Yallaɓai, ƙafar ta isa." Na nuna masa, na yi masa bayanin 'ya'yan maɗacin da wutsiyar.

"In ka yi kuskure, dillalin nan zai kai mu gaba."

"Na sani, Yallaɓai. Ban yi kuskure ba."

Ya ja fayil ɗin lasisin ya rubuta a dakata. Sannan ya aika a kira Istifanus, ya miƙe tsaye ya ba shi hannu. "Ka fitar da mu kunya! Irin ma'aikatan da nake so ke nan, masu ido." Ina tsaye a gefe riƙe da rahoton kamar masinja. Istifanus ya waiwayo ya ce, "Oga, ai Malam Bobbo ne ya san shi, ni hoto kawai na yi." Darakta ya ce, "E, e, Bobbo ma ya yi ƙoƙari." Wallahi wannan "ma" ɗin ta fi komai ci mini rai. Kuma kirkin Istifanus bai rage mini komai ba, da ya yi girman kai ma da na samu abin riƙewa.

Aka umarce mu mu je tare mu ƙara dubawa. Muka tafi da sassafe a motar ofis, muka ƙarasa da ƙafa. Da muka iso gindin maɗacin na ce masa ya yi shiru, na durƙusa ina duba ƙasa, don haka aka koya mana: mujiya takan bar shaida a ƙarƙashin inda take kwana. Ga su kuwa, ƙayoyin kifi da ɓawonsa, har da gashi ɗaya ja mai ratsin baƙi. Ina cikin sa shi a leda, sai na ji wani nauyi ya tashi a samana, fuu.

"Ga shi! Ga shi can! Malam, ka gani?"

Kafin in ɗaga kai ta riga ta shige duhuwar tsallaken kogi. Reshe kawai na gani yana lilo.

"Kai, babba ne fa! Ya dube ni da baƙin ido kamar mutum," in ji Istifanus. Muka zauna har rana ta take, ba ta dawo ba. A hanyar komawa ya saya mini gasasshiyar masara, na karɓa na ce na gode, na riƙe ta har gida ban ci ba.

An soke lasisin, aka sa wannan bakin kogin cikin wuraren da ba a sara. Da aka gayyaci ofishinmu taron masana tsuntsaye, wanda sunansa yake kan rahoto aka tura. Kafin ya tafi ya shigo ofishina da biro ya ce in koya masa abin da zai faɗa. Na koya masa, ƙafa da wutsiya da komai, na sa ya maimaita har ya zauna masa. An ce ya yi bayani mai kyau, an tafa masa.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, a aikin nan sau da yawa wanda ya sani daban, wanda ya gani daban, kuma ba a raba rabon bisa wahalar da mutum ya sha. Wata rana hoton abokin aikinka zai zo teburinka, hukunci yana hannunka, babu mai ganin zuciyarka. Za ka ji zafi, kada wani ya ce maka ba za ka ji ba. Ka ji zafinka, amma ka rubuta abin da ƙafar tsuntsun ta nuna.

Ni da Istifanus muna gaisawa lafiya, ya zo bikin 'yata da iyalinsa. Ya sake ganin mujiyar nan da ya kai baƙi wurin, ya kuma kira ni a waya yana murna ya faɗa mini. Na ce masa madalla. Shekara biyu suka rage mini in yi ritaya, kuma har yanzu ban gan ta ba.