Sandunan fatsa na tafkin Pitowa

Ranar da muka kai sandunan fatsa Pitowa ba ta taɓa fita daga raina ba, kuma har yau in na tuna ta sai na ji raina ya ɓaci. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga zamanin aikina, ga shi.

A zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ina ƙaramin malamin kifi a ofishin Garwa, wato monita. Monita shi ne na ƙasa cikin masu fita daji. Shi ke koya wa manoma haƙa tafki, ya zuba 'ya'yan kifi, ya dawo ya rubuta rahoto. A samansa akwai shef, wanda ko allura ba a saya sai ya sa hannu a takarda kwafi uku. Shef ɗinmu mutumin kudu ne, a bakin teku ya yi karatu, kuma bai daɗe da zuwa ba. Ba mugu ba ne, sai dai in ya faɗi magana ba ya son a ƙara masa ko harafi.

Muna da ƙananan tafkuna uku a bayan garin Pitowa, kusa da Garwa, na wasu manoma da suka sauko daga duwatsu suna noman auduga. Shugabansu Baba Daniyel ne, dattijon cocinsu, mutum mai haƙuri. Karfasa muka zuba musu. Ita karfasa haihuwa gare ta ba iyaka. In ba a rage ta ba, tafki ya cika, abinci ya ƙare, kowane kifi ya tsumbure bai wuce yatsu biyu ba. Taru kuwa in aka ja shi a ƙaramin tafki, sai ya dama laka ya kwashe har da ƙanana. Maganin shi ne fatsa: kowane gida ya cire na miya kullum, sauran su sami wurin girma. Shef ya yarda, ya ce in nemo irin sandar da za a saya.

Na tafi kantin Alhaji Mamuda a babbar kasuwa, wanda tun kakansa suke sayar wa masuntan Binuwai ƙugiya da zare. Na yi rabin yini a wurin. Sandar karfasa ba da ido ake zaɓenta ba. Za ka riƙe ta da hannu ɗaya ka miƙe ta, ka jira. In wuyan hannunka ya fara tsami, ka ajiye, domin mata da tsofaffi ne za su riƙe ta. Sannan ka dogara bakinta a ƙasa ka ɗan danna: sama ta lanƙwasa, gindi ya tsaya kyam. Karfasa ba ta fizgar ƙugiya kamar tarwaɗa, ɗan tsotsar tana take yi, sai sanda mai laushin baki ce za ta sanar da hannunka. Na zaɓi wata siririyar gora busasshiya mai tsawon gaba biyu, da zare siriri, da ƙugiya da ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba.

Alhaji ya ce, "Malam Sale, tafi da wannan ka nuna wa maigidan naka. In ya ga dama, sauran suna nan a ɗaure."

Na kai wa Shef. Ya juya ta, ya kaɗa ta, ya ajiye a kan tebur.

Ya ce da ni cikin Faransanci, "Wannan ai kara ne. Hukuma ce za ta raba wa jama'a kara?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kifin ƙarami ne, tafkin ma ƙarami ne."

Ya jawo wani littafin kayan kamun kifi da ya zo da shi, ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan wata sanda mai kaurin ƙotar fartanya, da injin naɗe zare a gindinta. A hoton, wani Bature ne a cikin jirgin ruwa riƙe da kifin da ya kusan kai shi tsawo.

Ya ce, "Wannan za ka rubuta. Wadda ta ɗauki babba, ƙarami zai gagare ta?"

Na yi bayani sau biyu. A na uku ya tambaye ni wane ne shef tsakanina da shi. Na rubuta takarda kwafi uku, da hannuna.

Aka yi ta jira. Damina ta wuce, aka cire auduga, sanduna ba su iso ba. Duk ranar kasuwar Pitowa sai Baba Daniyel ya tare ni.

"Malam, kifin nan ya yi yawa, ruwa har tafasa yake. Mu yanko gora da kanmu mana."

Ni kuwa na san Shef ya hana a taɓa tafki sai an yi bikin buɗewa. Na ce ya ƙara haƙuri, ina jin kunyar abin da nake faɗa. Mutanen nan da hannunsu suka haƙa ramukan, suna cin tuwo da miyar kuka tsura, kifi na gabansu yana lalacewa.

Da sandunan suka iso a babbar mota daga Ngaundare, Shef ya gayyato sufurefe, wato mai mulkin yankin, aka sa rana. Da safe ina loda akwatuna a motar ofis, sai na ga gorar Alhaji jingine a bayan ƙofar sito. Na ɗauka na cusa ƙarƙashin tamfol, ban gaya wa kowa ba.

An jera kujeru a inuwar dalbejiya, an yi jawabi, an yi tafi. Shef ya ɗauki sanda da kansa don ya nuna yadda ake yi. Ya ja baya ya wurga. Dalmar da ke bakin zaren ta tsallake tafkin gaba ɗaya ta faɗa cikin karan auduga a wancan gefe. Aka aika mutum ya kwance. Ya sake wurgawa a hankali, ta faɗa tsakiyar ruwa da ƙara kamar an jefa dutse. Aka raba wa manoma sauran, suka jeru a bakin ruwa suna riƙe da hannu bibbiyu. Kusan awa guda, ba wanda ya ciro ko ɗaya. Duk wanda ya jawo zare sai ya tarar an cinye tana tas, ƙugiyar ta fi bakin kifin girma, kuma ba wanda ya ji motsi a hannunsa.

Sufurefe ya fara duba agogo. Shef ya matso kusa da shi, ya yi magana yadda zan ji.

"Ranka ya daɗe, da alama monita bai zuba kifi yadda ya rubuta ba. Zan bincika. In haka ne, a rufe tafkunan, shi kuma a tura shi Tuboro, can ƙuryar daji."

Baba Daniyel ba ya jin Faransanci sosai, amma ya gane kalmar rufewa. Ya dube ni. Na tashi ba tare da neman izini ba, na je mota na zaro gorar nan, na soka tana, na miƙa wa matarsa, Mama Rebeka, wadda ke tsaye a baya da sauran mata.

Na ce, "Mama, sa a nan kusa da ciyawa. In kin ji bakin ya girgiza, ki ɗaga a hankali."

Ba ta gama gyara tsayuwa ba ta ɗago karfasa. Ta cire, na sake soka tana, ta ɗago wata. Kafin a jima kifi ya rufe gindin ƙwaryar da ta zo da ita. Sufurefe ya taso daga kujera, ya tattare hannun riga, ya ce da ita cikin Fillanci ta ara masa. Ya kama uku yana dariya, ya mayar mata ya ce, "Useko," wato ya gode. Sannan ya juya ya tambayi Shef me ya sa ba a fara da wannan ba.

Shef bai ko yi inda-inda ba. Ya ce, "Da gangan muka yi, ranka ya daɗe, don manoma su ga bambanci da idonsu. Wannan ita ce mataki na biyu a shirina."

Na tsaya da tana a hannu ina kallonsa.

Ba a rufe tafkunan ba, ba a tura ni Tuboro ba. A satin nan Shef ya sa hannu aka ɗauko gororin Alhaji, kuma kafin damina ta dawo kifin ya fara kai tafin hannu. Rahoton da ya tafi sama ya ce dabarar Shef ce. Ni kuwa abin da na samu takardar gargaɗi ce, kwafi uku, saboda na ɗauki kayan da ba na hukuma ba a motar hukuma. Sandunan teku suka koma sito. Na bar aiki suna nan, an mayar da su cikin ledarsu.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, kayan aiki da girman kifi da ƙarfin hannun mai riƙewa ake auna su, kuma wanda ke zaune a ofis bai san ko ɗaya daga ciki ba. Haushin da nake ji har yau ba na Shef kaɗai ba ne, har da na kaina. Na san gaskiya tun a kantin Alhaji, amma na bar mutane wata da watanni suna kallon abincinsu a ruwa don ina tsoron tambaya ɗaya. Ku da kuke fita daji yanzu, in manya sun ƙi jin bayani a baki, kada ku zauna jiran biki. Ku san yadda za ku yi ku kai su bakin tafki da wuri, ku sa musu sandar a hannu.