Matatar da Ta Ƙi Yin Datti

Yayana ya yi shekara talatin da ɗaya yana canza matatar iska a na'urorin sanyaya ɗaki. Matatar nan wata farar aba ce mai ninki-ninki a cikin zagayen kwali, ita ke tare ƙura kafin iska ta shigo ɗaki. Mun daɗe muna tsokanarsa da sunanta. In ya ce, "Bari in je in canza matata," sai matarsa ta ce, "Allah ya kai ka lafiya, ka gaishe min da sabuwar."

Mutum ne marar surutu, amma ƙura tana yi masa magana. Ya zaro tsohuwar matata ya ɗaga ta wajen haske, zai faɗa maka gidan tela ne, ko gidan masu kyanwa, ko gidan da ba su gajiya da suya. Ban taɓa kama shi da kuskure ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙari.

Rauninsa ɗaya ne, autarsa. Tun da ta auri wani kafinta ta koma can ƙarshen gari, hawa na uku, hankalinsa yana wurinta. Shi kuma bai iya tambayar 'yarsa ko tana jin daɗin zama ba, bakinsa nauyi gare shi. Sai ya ƙirƙiro dabara: duk wata uku ya buga mata waya, ya ɗauki sabuwar matata a hammata ya tafi. Ya ciro tsohuwar ya ga garin katako daga rigunan mijin, da hodarta, da maiƙon girki, sai ya dawo yana fara'a. Da haka yake gane lafiya suke.

Rannan sai ga shi a gidana, ko sallamar kirki babu, ya ajiye min matata a kan tebur.

"Dubi nan," in ji shi.

"Na duba, Yaya. Fara ce tas."

"To ai shi ne! Wata uku fa tana gidan autata."

Na ce ni a sanina tsabta ba laifi ba ce. Ya harare ni kamar na zage shi.

Daga nan yayana ya rikice. Ya koma gidan ya auna ramin matatar da awo, ko ya sayo ƙarama iska na bi ta gefe. Daidai take. Ya duba kibiyar da ke jikin kwalin, ko ya juya ta baya. Tana kallon inda ya kamata. Ya sayo mai ƙananan ƙofofi, ya cire, ya mayar da ta da. Ya kunna na'urar, ta yi ta hura sanyinta. Har asibitin ido ya je, wai ko dattin na nan shi ne ba ya gani. Na yi masa dariya, amma a raina tausayi ya ba ni, don ban taɓa ganinsa yana shakkar hannunsa ba.

Ran Talata da hantsi ya ce in raka shi, ido huɗu sun fi biyu. A ruɗen da yake ciki ya manta bai yi waya ba. Muka ƙwanƙwasa, shiru. Maƙwabciya ta leƙo ta ce ai an daɗe ba a kwana a gidan nan. Sai ta kira autar.

Ta iso tana haki, makulli a hannu. Ta ga fuskar ubanta, ta zauna a kan matakala ta fashe da kuka. Mijin ya kwashe kayan aikinsa ya tafi wata huɗu ke nan. Ita a ɗakin wata ƙawarta take kwana. In Baba ya yi waya sai ta rugo ta share, ta kunna na'ura, ta ɗora ruwan shayi.

"Na ji tsoro ne, Baba. Kai ka yaba shi."

Yayana ya tsaya da sabuwar matata a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta.

"Ashe na'urar ƙalau take," ya ce a hankali.

Ya miƙo min matatar, ya zauna kusa da 'yarsa a kan matakalar.

"Ke kuma fa?" ya ce. "Kin ci abinci?"