Firizar da Na Ce Ta Mutu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina gyaran firij da firiza a Dutsin-Ma da tsohon geji mai allura, kafin in sayi na zamani mai nuna lamba a gilashi kamar waya. Da geji muke gane ciwon inji. Za ka ɗaura tiyonsa a bayan firiza, ya nuna maka ƙarfin gas ɗin da ke ciki, daga nan ka san ko gas ne ya zube ko kwampireso, wato injin da ke juya gas ɗin, shi ne ya gaji. Ranar da sabon ya iso daga Kano na rataye tsohon a ƙusa, ban sake waiwayarsa ba.

Ana saura mako biyu azumi wata Hajiya ta aiko a kira ni Kurfi. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu, da zoɓo da kunun aya take riƙe gidanta. Firizarta babba ce fara, a murfinta akwai tabon ƙuna zagayayye, inda aka taɓa ɗora tukunya mai zafi. Injin yana tashi, amma ba sanyi.

Na ɗaura geji. A ƙa'ida, in kwampireso na da lafiya, da zarar ya tashi lambar ɓangaren da yake zuƙa za ta yi ƙasa sosai. Wannan ta ƙi sauka. Na jira, na kashe, na sake kunnawa, tana nan a sama.

"Hajiya, sai haƙuri," na ce. "Kwampireso ne. Yana juyawa, amma ba ya ja."

"Malam, ba dabara?"

"Sai dai sabo. Kuma jikin ma ya tsufa, ba na ba ki shawarar ki zuba masa kuɗi."

Ta kalli firizar, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Har ta sa aka ba ni ruwa na sha kafin in tafi.

Bayan sallah da kamar wata guda wani mai shago a Rawayau ya kira ni in duba masa ƙaramin firij. Ina shiga na ga wata babbar firiza a kusurwa tana aiki da sola. Da farko ban kula ba. Sai da ya ɗaga murfin zai ɗauko wa wani lemo na ga tabon ƙunar nan. Na leƙa ciki. Ƙanƙara ta kama bangonta ta ko'ina, har ledojin ruwa sun manne da juna.

"Alhaji, ina ka samo wannan?"

"Wajen 'yan gwangwan a Kurfi. Wata tsohuwa ce ta sayar musu, wai mai gyara ya ce ta mutu." Ya yi dariya. "Wani dattijo na kai wa. Ɗan rami ya samu a bututu, ya yi walda, ya zuba gas. Ka gan ta nan."

"Bai canza kwampireso ba?"

"Ko taɓa shi bai yi ba."

Na zagaya baya na duba. Shi ne dai wanda na sani, da tsatsarsa da komai. Na dafa shi, ɗuminsa daidai, ƙararsa lafiya lau. Na zauna a kan buhun shinkafa. Alhaji ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Na ce rana ce. Firij ɗin da aka kira ni dominsa ma ban taɓa ba, na ce zan dawo.

Da na isa shago na kwance tiyo duka, na buɗe bawul, na bar gejin a fili ba komai a jikinsa. Ya kamata ɓangarorinsa biyu su nuna sifili. Ɓangare ɗaya ya nuna. Ɗayan, wanda na yanke wa Hajiya hukunci da shi, ya tsaya a kan ashirin da ɗoriya. Na sha ganin lamba a wurin in na kunna shi, amma da yake kullum tiyo na ɗaure, bawul a rufe, sai in ɗauka ragowar gas ne na aikin jiya.

Na canza batir, ko shi ne ya yi rauni. Bai canza ba. Na duba ko na saita shi a kan wani nau'in gas daban, na ga daidai yake. Na busa tiyo, na fitar da ɗan mai da datti, na sa sababbin robobi a bakinsu. Na danna maɓallin da ke mayar da shi sifili, ya koma, na ɗan ji sanyi a raina. Kafin in sha kofin shayi lambar ta fara hawa da kanta.

Sai na sauko da tsohon daga ƙusa, na share shi, na haɗa su biyun a silindar gas ɗaya. Allura ta nuna abu ɗaya, gilashi ya nuna wani. Na je na aro na wani abokin sana'a, nasa ya bi bayan allura. A nan na tuna ranar da jakar kayana ta faɗo daga babur a hanyar Tamawa, tun farkon bazara. Na kunna gejin a lokacin, na ga ya kawo haske, na mayar jaka. Iyakar binciken da na yi ke nan.

Washegari da safe na tafi Kurfi. Na tarar da Hajiya a tsakar gida tana suyar ƙuliƙuli. Inda firizar take a da, an ajiye buhunan gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na gaya mata komai ban rage ba.

Ta ajiye matsamin da ke hannunta.

"Tana aiki?"

"Tana aiki, Hajiya."

"Har da ƙanƙara?"

Na ce har da ita. Ta yi salati a hankali. Ta ce azumin nan duk a bakin kasko ta yi shi, tana kallon masu sayen zoɓonta suna wucewa gidan gaba. Ba ta ɗaga murya ba. Na ce ina da wata firiza a shago, zan gyara in kawo mata. Sai ta jefo min tambaya.

"Ɗan nan, mutum nawa ka gaya wa irin abin da ka gaya min?"

Ban yi wannan tunanin ba sai a lokacin. Na tsaya na tuna. "Uku, ban da ke."

"To me kake yi a nan? Tashi ka same su kafin su sayar."

Biyu na samu nasu a ajiye, ɗaya a Kuki, ɗaya a cikin garin Dutsin-Ma, duka gas ne ya zube, na gyara a mako guda. Na ukun, mai kemis, ya riga ya sa an canza masa kwampireso. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya ji, kuma tun daga ranar bai sake kirana ba.

Firizar da na kai wa Hajiya ƙarama ce, ba ta kai tata ba. Ta karɓa. Ta koma zoɓo, amma ba ta bar ƙuliƙulin ba, ta ce yanzu ta saba.