Digirin Fandisho

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da ba daidai ba, wani ya yi aiki da shi, alhaki ya hau kaina. Na sha farawa ina yagewa. Amma abin ya shafi 'yata, shi ya sa na daure.

A Dagenham, nan ƙasar Turawa, muke zaune ni da ita, a flat ɗin council, wato gidan hayar gwamnati, tun bayan rasuwar mahaifinta. Ni shara da goge-goge nake yi a wasu ofisoshi a Aldwych, da sassafe kafin ma'aikata su iso. Ita kuwa tun tana ƙarama ba ta tsoron jini. Idan wuƙa ta yanke ni a kicin, ni ce mai runtse ido, ita ce mai leƙawa ta ga zurfin yankan. Da ta girma sai ta shiga kwaleji, ta yi karatun shekara biyu na aikin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, inda ake auna jini da fitsari.

Ranar da aka ba ta takardar shaidarta na ce ta karanta mini sunan karatun a hankali. Ta ce, "Foundation degree, Umma."

Gabana ya faɗi, don ni fandisho na ji, kuma na san fandishon gini. Mahaifinta ya sayi fili a Zariya, aka haƙa, aka zuba kankare, aka jera bulo iya gwiwa. Daga nan hannu ya yi gajarta, sai kuma rai ya yi halinsa. Duk hoton wurin da yayana ya turo mini, ciyawa ce ta rufe shi, awakin maƙwabta na kwance a inda aka ce nan ne falo.

Ban nuna mata ba. Na yi mata dambu, na yi mata addu'a. Amma da yayana ya bugo waya daga gida yana cewa, "Ina likitarmu?" sai na kasa barin sa a kan kuskure.

"Yaya, ba likita ba ce fa. Fandisho kawai ta yi."

"Fandisho? Wai birkila ta koma?"

Ashe tana jin mu daga kicin. Ta fito tana dariya har da riƙe ciki, ta karɓe wayar. "Kawu, I work in a lab, a ɗakin gwaji nake aiki! Umma ce ke son ɓata mini suna."

"To madalla, birkila. In kin gama na Turawa ki zo ki ɗora mana na babanki."

Har yau da birkila yake kiran ta, ita ma tana amsawa.

Takardar ta yi amfani, ba zan ɓoye ba. Ba ta daɗe ba ta samu aiki a wani asibiti. Ita ke karɓar kwalaben jini, ta tabbatar da sunan mai shi, ta shirya su ta sa a na'ura. Albashinta ya fi nawa, ba ya kuma latti. Sai dai wata rana ta bayyana mini cewa ba ita ke sa hannu a kan sakamako ba. Masu yin haka sai sun koma jami'a sun cika digirin, an yi musu rajista, kuma sun fi samu. Na ce, "To ashe kunnena bai yi ƙarya ba. Yaushe za a ɗora ginin?"

A nan muka saɓa. In ta koma karatu dole ta rage aiki, ni kuma in ci gaba da nawa. Ita so take ta ƙara awoyi ni in ajiye tsintsiya, saboda gwiwata.

"Umma, ina jin yadda kike hawa bene, kamar mai ɗauke da buhun masara."

"Gwiwata ce ko taki?"

"Tamu ce. Wa yake shafa mata man zafi?"

Amma na sha shigowa in tarar tana duba bayanin karatun a wayarta, da ta gan ni sai ta kife ta a cinya.

Tsorona biyu ne. In na matsa mata ta koma, ta ɗauki bashin makaranta, ƙarin albashin kuma ya zama ɗan kaɗan, na cuce ta. In na yi shiru, ni ce ciyawar da za ta rufe mata fandisho. Ta dai yi mini alkawari ɗaya: in na samo wanda ya bi hanyar nan da ƙafarsa, ba labarin an ce ba, za ta saurare shi.

Don Allah, duk wanda ya karanta wannan, in yana aikin ɗakin gwaji a ƙasar nan ko ya san mai yi, ya sanar da ni. Bambancin albashin na gaske ne? Ana iya haɗa karatun da aiki? Asibiti kan taimaka da kuɗin makaranta? Ku faɗa mini gaskiya ko da ba ita nake so ba. Zancen gwiwa kuma ku bar ni da shi.